Yadda ake binciken asali, ma'ana da yaɗuwar sunan iyali na Jamusawa wanda ba kasafai ake jinsa ba

Tambayar nan ta yi ta maimaituwa daga masu karatu, musamman ɗalibanmu da ke Jamus, da waɗanda aure ya haɗa su da dangin Jamusawa, da masu nazarin tarihi da ke cin karo da sunayen Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa: ta yaya mutum zai gano inda wani sunan iyali ya samo asali, me yake nufi, kuma mutum nawa ne ke amsa shi? Idan sunan irin su Müller ne ko Schmidt, babu wahala, ko'ina ka duba za ka samu. Aikin yana kan sunan da ba ya cikin ƙananan ƙamus, wanda a duk Jamus watakila gidaje kaɗan ne ke ɗauke da shi. Akwai sunayen iyali wajen 850,000 a ƙasar, kuma mafi yawansu irin waɗannan ne.

Zan riƙa ba da misali da Overweg, sunan Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, wanda ya shiga Gobir da Maradi a 1851 kuma ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852. Kayan aiki ba su da yawa: waya ko kwamfuta mai intanet, littafin rubutu, da manhajar fassara. Matakai huɗu na farko kyauta ne. Kada ka biya ko sisi sai ka kai na biyar.

1. Tabbatar da yadda ake rubuta sunan

Nemi takarda mafi tsufa da za ka iya samu mai ɗauke da sunan: fasfo, takardar haihuwa, takardar aure, ambulan ɗin wasiƙa, ko hoton kabari. Kwafe shi harafi bayan harafi. Sunan da aka ji da kunne kawai bai isa a fara aiki da shi ba, don Jamusawa suna furta W kamar V, su furta V kamar F, su furta J kamar Y.

Daga nan rubuta duk kamannin da sunan zai iya ɗauka. Wasulan nan masu ɗigo biyu a ka, ä da ö da ü, ana rubuta su ae, oe, ue idan babu su a na'ura, harafin ß kuma ya koma ss. A ƙasan fasfon Jamus, layin da na'ura ke karantawa, Müller yana fitowa MUELLER. A ƙasashen waje kuwa sau da yawa ɗigon kawai ake zubarwa ya zama Muller, wanda a taswirar Jamus wani suna ne daban. Sai kuma haruffan da ke musanya da juna: C da K, F da V, T da TH da DT, EI da AI da EY da AY, Z da TZ. Kafin a kafa ofisoshin rajista a 1870 da wani abu, limamin coci yadda ya ji haka yake rubutawa, har za ka ga wa da ƙane da rubutu biyu.

A misalinmu jerin zai ƙunshi Overweg, Oberweg, Überweg, Ueberweg. Na ƙarshen nan ba ƙirƙira ba ce, akwai masanin falsafa Friedrich Ueberweg da aka haifa a yankin Rhein a 1826.

Gargaɗi: kamanni a rubutu ba ya nufin dangantaka. Jerin nan na nema ne kawai, kada ka haɗe su ka ce dangi guda ne.

2. Duba taswirar yau

Shafi biyu za ka buɗe. Na farko Geogen, wanda Christoph Stöpel ya gina a kan littafin lambobin waya, yana nuna sunan gunduma bayan gunduma. Na biyu shafin namenforschung.net, inda ƙamus ɗin sunayen iyali na Cibiyar Kimiyya da Adabi ta Mainz yake, wanda ake taƙaita sunansa DFD. Shi ya dogara ne da layukan wayar gida na shekarar 2005, kimanin miliyan 28.

Adadin da za ka gani ba na mutane ba ne, na layukan waya ne. Masu wannan fanni sukan ninka shi kusan sau uku su sami kimanin yawan masu sunan. Layi 40 ke nan mutum ɗari da 'yan kai. Kuma hoton wancan lokaci ne, kafin wayar hannu ta kashe wayar gida, don haka kada ka rubuta "a yau akwai mutum kaza". Rubuta shekarar da alƙaluman suka fito.

A nan ne mutane da yawa ke zamewa. Taswira iri biyu ce: mai ƙirga yawan masu sunan kai tsaye, da mai auna su da yawan jama'ar gundumar. Ta farko kusan kullum Berlin, Hamburg, Munich da garuruwan Ruhr, yankin masana'antu na yammacin ƙasar, za ta haska maka, don nan jama'a suka taru neman aiki. Ta biyun ita ce mai amfani. Idan wata ƙaramar gunduma ta yi duhu alhali babu babban birni a cikinta, ka rubuta sunanta, da alama gidan sunan yana nan kusa. An haifi Adolf Overweg a Hamburg a 1822, amma Hamburg tashar jiragen ruwa ce mai jan baƙi daga ko'ina, haihuwa a can ba ta tabbatar da cewa sunan ɗan can ne. Akwai sanannen gidan Overweg a Westfaliya, wani yanki a yammacin Jamus, daga cikinsu Carl Overweg ɗan siyasa kuma mai masana'antu da aka haifa a Unna a 1805, kuma ana samun sunan a Holan.

Gargaɗi na biyu: a suna mai ƙaranci, gida ɗaya mai 'ya'ya maza shida ya isa ya baƙanta gunduma guda. Kada ɗigo ɗaya ya ruɗe ka.

3. Koma taswirar da

Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba bincike da zato. Bayan 1945 Jamusawa sama da miliyan 12 sun baro yankunan gabas, Silesiya da Pomeraniya da Prusiya ta Gabas da ƙasar Sudeten, aka watsa su cikin sauran Jamus. Sunan da asalinsa ƙauye guda ne kusa da Breslau, wadda yau take Wrocław a Poland, a taswirar zamani zai fito a warwatse kamar ba shi da gida.

Maganin wannan yana shafin nvk.genealogy.net na ƙungiyar masu binciken asali da ake kira CompGen. Yana ba ka taswira biyu, ta 1996 da ta 1890. Ta 1890 an haɗa ta ne daga jerin sojojin da suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace a Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ke ɗauke da garin haihuwar kowane soja, kuma ta haɗa da yankunan da Jamus ta rasa. Kyauta ce. Shafin yana ba da damar saka sunaye fiye da ɗaya a lokaci guda, kowanne da launinsa, don haka zuba jerin da ka yi a mataki na 1 ka ga ko suna zaune wuri ɗaya ko kowa da yankinsa.

Abin da za ka fito da shi ɗaya ne cikin uku. Ko dai sunan ya dunƙule a wuri guda, wanda ke nuna mai yiwuwa tushe ɗaya ne. Ko ya yi gida biyu ko uku masu nisa da juna, ma'ana an raɗa shi a wurare daban ba tare da wani ya san wani ba. Ko kuma babu shi sam a 1890 amma akwai shi a 1996, to wannan baƙo ne da ya shigo daga baya, ko kuwa sabon rubutu ne na tsohon suna.

Idan gidan sunan yana bakin iyaka, leƙa maƙwabta. Holan tana da rumbun sunaye na cibiyar CBG mai alƙaluman 1947 da 2007. Siwizalan tana da rajistar sunayen iyalanta a intanet. Poland tana da rumbun Geneteka.

4. Nemi ma'ana, amma da yaren yankin

Sai yanzu ne za ka tambayi ma'ana, bayan ka san yanki. Dalili kuwa, an raɗa waɗannan sunaye tsakanin ƙarni na 12 zuwa na 16, da karin harshen da ake yi a wurin a lokacin, ba da Jamusancin makaranta ba. Wanda ya saka sunan a manhajar fassara ya kwafi abin da ta ba shi ya ɓata lokacinsa. Schröder a arewa tela ne, a wasu yankunan kudu kuwa mai dakon gangunan giya. Krüger a arewa mai masauƙi ne da gidan sha, a kudu mai gina tuluna. Suna ɗaya, sana'a biyu, taswira ce ke raba gardama.

Fara da DFD. Idan sunan yana ciki za ka ga matsayinsa a jerin yawa, taswira, da ma'anoni a jere daga wadda ta fi ƙarfi zuwa mai rauni. Sai dai ƙa'idarsu ita ce suna ya kai layin waya 10, kuma aikin da aka fara a 2012 har yanzu ana kan yi, ana ƙara sunaye a kai a kai. Rashin ganin sunanka bai nuna babu shi ba. Idan babu, raba shi gida biyu ka nemi kowane ɓari, ko ka nemi sunan da ya fi kusa da shi. Wanda ke Jamus ya shiga laburaren gari ya duba ƙamus ɗin Duden na sunayen iyali mai sunaye 20,000, da na Hans Bahlow, da na Max Gottschald. Ba sai ka saya ba.

Kusan kowane suna yana faɗawa cikin ɗayan gida biyar, kuma Turawan da suka zo ƙasarmu sun isa misali. Akwai na sunan uba, kamar Rohlfs, wato na gidan Rolf. Akwai na sana'a. Akwai na laƙabi, kamar Krause mai murɗaɗɗen gashi, ko Nachtigal, sunan wani tsuntsu mai daɗin kuka. Akwai na wurin zama a cikin gari, kamar Westermann, mutumin yamma. Akwai na garin da mutum ya fito. Wasu suna da ƙafa a gida fiye da ɗaya: Barth zai iya zama guntun Bartholomäus, ko mai gemu, ko mutumin garin Barth da ke bakin Tekun Baltik.

Na garin asali yana da tarko. Ba a kiran mutum Bakano a cikin Kano, sai ya je Gwanja ko Kumasi. Haka abin yake a can: sunan da aka ɗauko daga wani ƙauye yakan yi yawa a garuruwan da ke kewaye da shi, inda mutanensa suka yi ƙaura, ba a cikin ƙauyen ba. Don haka idan taswira ta nuna maka zobe, duba tsakiyarsa, ka nemi ƙauye ko gona mai irin wannan suna a gov.genealogy.net ko a meyersgaz.org, wanda ke ɗauke da garuruwan Jamus kamar yadda suke a 1912. Wani ƙauyen ma ya daɗe da mutuwa, sunansa kaɗai ya rage a kan mutane.

Wutsiyar suna tana taimakawa ƙwarai. Mai ƙarewa da -sen na can arewa ne wajen iyakar Denmark. Mai -le na kudu maso yamma ne, mai -l na Bavariya da Ostiriya. Masu -kamp, -brink, -kötter na Westfaliya ne. Masu -ow da -itz yawanci daga sunayen garuruwa ne masu tushen harsunan Silabawa, dangin yaren Poland, a gabas. Masu -eit da -at sun fito daga Prusiya ta Gabas, tushensu harshen Lituweniya. Masu -ski da -czak da ke cike da Ruhr jikokin 'yan Poland ne da suka zo haƙar kwal. Akwai kuma sunayen Faransanci na Kiristoci Furotesta da suka gudo daga Faransa bayan 1685.

Overweg fa? Weg hanya ce, babu gardama. Over kuma alama ce ta Jamusancin arewa da yaren Holan, inda kudu za ta ce über ko ober. Fassara mafi sauƙi ita ce wanda gidansa ke ƙetaren hanya. Amma over ɗin na iya nufin na sama, wato hanyar tudu, kuma a tsohon yaren arewa akwai kalma mai irin wannan rubutu da ke nufin gaɓar kogi. Rubuta dukkansu ukun, ka sa wadda ta fi ƙarfi a gaba. A ganina rahoton da ya kawo ma'ana ɗaya tak a kan suna mai ƙaranci, ba tare da tsohuwar takarda ba, abin tuhuma ne.

Gargaɗi: Kaiser, König da Graf, wato sarkin sarakuna da sarki da hakimi, ba sa nufin jinin sarauta, laƙabi ne, ko na wanda ya yi wa sarki aiki, ko mai ɗagawa, ko wanda ya fito a sarki a wasan gari. Haka nan von a gaban suna ba kullum yake nuna gidan sarauta ba, a arewa maso yamma talakawa da yawa suna da shi. Kuma kada ka yanke hukuncin addinin mutum daga sunansa. Yahudawan Prusiya, babbar masarautar Jamusawa ta da, sai a 1812 aka wajabta musu sunan iyali na dindindin, kuma sunaye da dama Yahudu da Kirista duk suna amsa su.

5. Bi takardu baya, tsara bayan tsara

Taswira da ƙamus suna ba ka labarin sunan. Labarin gidan da kake nema kuwa sai takardu, kuma nan kuɗi ke fara fita.

Abin da ba makawa sai da shi shi ne sunan gari. Jamus ba ta da rumbu ɗaya na haihuwa da mutuwa, kowane gari da nasa. Ofishin rajista, Standesamt, ya fara aiki a Prusiya a watan Oktoba 1874, a duk ƙasar kuma ranar 1 ga Janairu 1876. A yammacin kogin Rhein, inda Faransa ta yi mulki, rajistar ta faro tun 1798. Doka ta ware wa'adi: takardar haihuwa shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30. Kafin wa'adin ya cika, sai mai takardar, ko miji ko matar mai ita, ko iyaye da kakanni ko 'ya'ya da jikoki, ko mai hujjar shari'a, kuma za a nemi shaidar dangantaka. Bayan ya cika, littafin yakan koma ma'ajiyar tarihi ta gari ko ta jiha, kowa na iya nema. Kuɗin takarda ɗaya yakan bambanta gwargwadon jiha, kuma idan ba ka ba da kwanan wata ba za su caje ka kuɗin lokacin nema.

Rubuta musu gajeren saƙo da Jamusanci: cikakken suna, kwanan wata, gari, da dalilinka. Ka roƙi kwafin asalin shafin rajistar tare da rubutun gefe, ba sabuwar takardar shaida ba. A gefen nan ne magatakarda ke ƙara ranar aure, ranar mutuwa, ko canjin suna, kuma sau da yawa shi ne ke buɗe maka ƙofa ta gaba.

Kafin a fara rajista sai littattafan coci. Na Katolika da yawa suna shafin Matricula, kyauta, hotunan shafuka ne kake buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Na Furotesta suna shafin Archion, na kuɗi ne, wajen Yuro 20 a wata. Kada ka sayi watan sai ka duba jerin garuruwansu, wanda kyauta ne, ka tabbatar an ɗora littafin cocin da kake so, sannan ka tanadi jerin abin da za ka nema. Mai biya daga Najeriya ko Nijar ya gwada katinsa tukuna, ko ya shirya da ɗan'uwa a Turai ya biya masa. FamilySearch kyauta ne bayan rajista. Kafin duk wannan ma leƙa online-ofb.de, inda masu sa kai suka riga suka tsara iyalan ɗaruruwan ƙauyuka gida gida. Idan ƙauyenka yana ciki, an rage maka aikin watanni. Ga wanda kakansa ya fita ta teku, jerin fasinjojin Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nan kuma yana faɗin garin da mutum ya baro. Na Bremen yawancinsa an lalata shi.

Ƙa'ida ɗaya ce a nan: daga sananne zuwa wanda ba a sani ba. Uba, sannan kaka, sannan kakan kaka, kowanne da takardarsa. Kada ka ga mai irin sunan a 1650 ka ɗaura masa zuriya don kawai sunan ba shi da yawa.

6. Karatun tsohon rubutu

Shafin farko da za ka buɗe zai yi maka kamar tafiyar tsutsa. Rubutun hannu ne da ake kira Kurrent, da ƙanensa Sütterlin, waɗanda aka daina koyarwa bayan 1941. Sauke jadawalin haruffansu ka ajiye a gefe. Harafin e yana kama da n, shi kuma u ana gane shi da ɗan lanƙwasa a kansa, h yana da jela sama da ƙasa, s kala biyu ne, dogo a tsakiyar kalma, gajere a ƙarshe. Yawancin sunayen ban mamaki da ke yawo a rumbunan intanet daga nan suka fito, wani ya karanta n a matsayin u ya buga. Idan ka ga suna sau ɗaya tak a duniya, koma hoton shafin ka duba da idonka. Manhajar Transkribus tana karanta irin wannan rubutu kuma tana da kason kyauta, amma a sunaye ne ta fi yin kuskure, don haka taimako ce, ba shaida ba.

Abubuwa uku za su sa sunan ya ɓace maka a tsakiyar littafi. Limaman Katolika da Latin suke rubutu, wani lokaci har sunan suke juyawa: Müller ya zama Molitor, Schneider ya zama Sartor, Schmidt ya zama Faber. Mata ana ƙara musu -in, matar Müller ta zama Müllerin. Na ukun ya shafi Westfaliya, yankin misalinmu: a can gona ce ke da suna, mutumin da ya auri magajiyar gona yakan ɗauki sunan gonar, sai ka ga an rubuta sunansa na haihuwa, sannan kalmar genannt ko gnt., wato "wanda ake kira", sannan sabon sunan. 'Ya'yansa da sunan gonar za su tashi. Wato a wannan yanki suna yana iya bin ƙasa ba jini ba, kuma gwajin ƙwayar halitta ta ɓangaren uba ba zai dace da sunan ba.

Yawancin littattafan za su tsaya maka wajen 1650, don Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648, ya cinye na gabansu a wurare da yawa. Rubutun sunan mafi tsufa da ka samu, shi za ka mayar mataki na 4 ka sake auna ma'anar da shi.

7. Idan ya gagara, sayi ra'ayin masana

Wurare biyu ne aka sani da wannan aiki: ofishin ba da shawara kan sunaye na Jami'ar Leipzig, da Ƙungiyar Harshen Jamusanci da ke Wiesbaden, GfdS. Suna rubuta rahoto kan asali da ma'ana da yaɗuwar suna, ana biya, farashin yana shafinsu, kuma ana jiran makonni. Tura musu duk abin da ka tara: rubutu mafi tsufa, shekararsa, garinsa, da sauran kamannin sunan. Wanda ya tura suna tsirara zai sami amsa ta gama-gari a kan kuɗi ɗaya.

Ka guji shagunan intanet masu sayar da takarda mai ado da tambarin gida, wai na sunanku. A al'adar Jamus tambari na wani gida ne takamaimai da zuriyarsa, ba na duk mai amsa sunan ba, kuma rubutun da ke jikin irin waɗannan takardu yawanci ɗaya ne ake canza masa suna.

Idan kuma ka yi niyyar rubuta wa masu sunan da ka gani a littafin waya, aika wasiƙa ta gidan waya, gajera, da Jamusanci, ka faɗi ko kai wane ne da kakan da kake nema da garinsa. Kada ka kira su kai tsaye, kada ka nemi kwanan haihuwar rayayyu, kada kuma ka wallafa sunayensu da adireshinsu a Facebook. Jamusawa suna da tsanani a kan sirrin bayanan mutum, kuma dokarsu tana bayansu.